Tambayoyi da amsoshi kan wutar lantarki: abin da take bi da abin da ba ta bi, don 'yan uwa mazauna Legas

Assalamu alaikum 'yan uwa. Waɗannan tambayoyi ne da kullum sai an yi min su a wurin aiki ko a bakin masallaci, daga Agege zuwa Mile 12 da Idi-Araba da Alaba Rago, masu shago ne, masu gadi ne, masu cajin waya, 'yan gwangwan, direbobi, har da iyayenmu mata. Ni sana'ata wayarin ce, toh na ga gara in tara su wuri ɗaya in amsa, na faro da masu sauƙi sannan a hankali mu shiga ciki.

Wai me ke tafiya a cikin wayar ne da har fitila take kamawa?

Komai da kake gani a duniyar nan, ƙarfe ne ko ruwa ko jikinka, Allah Ya haɗa shi ne da wasu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya iya gani, ana ce musu atam, kowanne kuma yana ɗauke da wasu da suka fi shi ƙanƙanta da ake kira ilektiron. A cikin wasu abubuwan ilektiron ɗin a sake suke, da an tura su sai su tafi, a wasu kuma a ɗaure suke tamau. Toh motsin da sakakkun suke yi idan an tura su, shi ne wutar lantarki.

Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne wuta ba ta tafiya sai ta samu hanyar zuwa da hanyar komawa. Shi ya sa ba ka taɓa ganin fitila da waya ɗaya tak ba. Makunnin da ke bangon ɗakinka ba wani abu yake yi ba illa ya katse hanyar ko ya haɗa ta. Kuma ita wuta ba ruwanta da cewa hanyar waya ce ko ƙofar kwantena ce ko hannun mutum, duk inda ta samu bi take yi. Kusan duk amsoshin da ke ƙasa a kan wannan maganar suka tsaya.

Me ake nufi da bolt, da am, da wat da muke gani a jikin kaya?

Ka ɗauki tankin ruwan da ake ɗorawa a saman gida. Ƙarfin da ruwan ke turowa da shi saboda tsayin tankin, shi ne kwatankwacin bolt. Yawan ruwan da ke wucewa ta bututu shi ne am. Matsewar bututun da ke hana ruwa gudu sosai ita ce turjiya, ana auna ta da om. Wat kuma shi ne aikin da aka samu, kuma lissafinsa ba wuya, bolt sau am.

Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce a ƙa'ida, kuma irin wadda ke kai da komo ce sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Dutsen guga mai wat 1,000 idan ka raba da 230 za ka ga yana jan am 4 da 'yan kai, ƙwan fitila na zamani mai wat 10 kuwa ko kashi ɗaya cikin ashirin na am ɗaya bai cika ja ba. Sunayen nan duk na mutane ne, Volta ɗan Italiya da ya haɗa batir na farko a 1800, Ampere ɗan Faransa, James Watt, da Georg Ohm Bajamushe wanda a 1827 ya fito da ƙa'idar cewa in turjiya ta ragu, am ɗin da zai wuce ƙaruwa yake yi. Wannan ƙa'idar ka riƙe ta, za ta dawo a maganar ruwa da jiƙaƙƙen jiki.

Daga ina wutar da muke sha a Legas take zuwa?

A garin nan aka fara samar da lantarki a Najeriya, tun 1896. Yau kuma wutar tana fitowa ne daga babban layin ƙasa da tashoshi da yawa ke zuba wa, akwai Egbin a can Ikorodu mai aiki da iskar gas wadda aka gina don megawat 1,320, akwai na ruwa a Kainji da Jebba da Shiroro. Dukkansu dabara ɗaya ce, a juya maganaɗisu kusa da naɗin waya, abin da Michael Faraday ya gano a Ingila a 1831, kuma shi ne dai abin da ƙaramin janaretan shagonka yake yi. Ana ɗaga wutar zuwa bolt 330,000 ko 132,000 don ta yi tafiya mai nisa ba tare da ta ƙare a zafi ba, sai a sauke ta zuwa 33,000 da 11,000, sannan taransifomar unguwa ta maida ta wadda ke shiga gida. A 2013 aka miƙa rarraba ta a nan ga kamfani biyu masu zaman kansu, Ikeja Electric su ne da Agege da Mile 12 da Ikorodu, Eko kuma su ne da Obalende da Apapa da ɓangaren Alaba, duk da dai har gobe bakinmu bai daina cewa Nepa ba.

Waɗanne abubuwa ne wuta ke bi?

Duk wani ƙarfe. Azurfa ce kan gaba, sai jan ƙarfe wato jar waya, sai zinare, sai alminiyam, baƙin ƙarfe yana can baya amma fa yana kai ta sarai, ya isa ya kashe mutum. Rodi, kwanon rufi, ƙofar get, wayar shanya, tsanin ƙarfe, baro, agogon hannu da zobe, duk hanya ne. Akwai kuma waɗanda ba ƙarfe ba ne amma suna kai wuta, bakin fensir, ruwan da ke da gishiri ko datti, ɗanyen itace, ƙasa mai laima, sai kuma jikin ɗan Adam da na dabba, don mu fiye da rabin jikinmu ruwa ne mai gishiri-gishiri. A makaranta waɗannan su ake kira kondokta.

Waɗanne ne kuma ba ta bi?

Roba, leda, gilashi, tangaran, busasshen katako, busasshen tsumma, busasshiyar iska. Su ne insuleta. Robar da aka lulluɓe waya da ita, da jerin faifan tangaran ko na gilashi da kake gani a rataye a saman falwaya, duk aikinsu ɗaya, su tsare wuta a kan hanyarta kar ta bi ta inda ba a so.

Amma dan Allah a lura da kalmar busasshe da na yi ta maimaitawa, don a nan ne mutanenmu da suka taso a Arewa suke samun matsala. Sandar da ka saba ture waya da ita a Katsina ko Sakkwato lokacin rani ta bushe ƙarau, irin wannan sandar in ta kwana a tsakar gida a Ijora cikin watan Yuni ta sha laima har ciki, ta zama wata aba daban. Sannan babu insuleta da ba shi da iyaka, kowanne akwai ƙarfin da in aka kai zai ba da kai, duba amsar babban layi a ƙasa. Roba ma tsufa take yi, rana da zafi su busar da ita ta tsattsage, ɓera ya ci, ruwa ya shiga.

An ce ruwa ba ya kai wuta, wasu sun ce yana kai, wanne ne gaskiya?

Tataccen ruwa zalla wanda aka cire masa komai, irin wanda ake zuba wa batir, da ƙyar yake kai wuta. Amma wa ke wanka da irin wannan? Ruwan rijiya, na burtsatse, na famfo, na kwata, duk akwai gishiri da ma'adinai narke a ciki kuma su ne suke ɗaukar wutar. Ruwan teku ya fi su duka nesa ba kusa ba, kuma mu ga mu a bakin teku da lagun, akwai unguwannin da ruwan rijiyarsu ma ɗanɗanon gishiri gare shi.

Ga inda abin ya fi tsanani. Busasshiyar fatar mutum tana iya yin turjiyar da ta kai om 100,000, amma da ta jiƙe sai ta faɗo wajen 1,000. Yi lissafin da kanka, bolt 230 a raba da 1,000, kusan rubu'in am ɗaya kenan zai ratsa jiki, alhali abin da ke dagula bugun zuciya bai kai rabin wannan ba. Kuma zufa ma ruwan gishiri ce, a garin da mutum ke yini sharkaf da gumi. Shi ya sa nake roƙon iyayenmu mata kan hitar nan ta bokiti, Hajiya dan girman Allah kar a tsoma yatsa a ji ko ruwa ya yi zafi alhali tana jone, kar a sa ta a bokitin ƙarfe, a zare ta daga soket tukuna kafin a taɓa ruwan, kuma kar a bar yara kusa. Haka wanda ya fito daga alwala hannu da ƙafa a jiƙe, ya goge hannu kafin ya taɓa makunnin fanka ko amsa-kuwwar masallaci.

Me ya sa wayar gida ja ce amma ta saman falwaya fara?

Jar waya ta fi kai wuta, tana lanƙwasuwa ba ta karye ba, kuma wurin da aka ɗaure ta yana daɗewa bai saki ba, shi ya sa ita ce ta cikin gida. Alminiyam kashi 61 cikin ɗari kawai na aikin jar waya yake yi in kaurinsu ɗaya, amma nauyinsa bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba kuma ya fi araha, toh a sama inda za a ja waya mai nisa tsakanin turaku sai a ƙara masa kauri a yi amfani da shi.

Inda ake cutar mutane shi ne wayar da cikinta alminiyam ne aka yi mata fentin jan ƙarfe a sama aka sayar a matsayin jar waya. Kafin ka biya, ko a Alaba ne ko a ina, ka fere bakin wayar ka kankare silin da wuƙa, in ka ga fari ya leƙo daga ciki ka ajiye musu abinsu. Ka kuma ɗaga naɗin ka ji nauyi, ta gaske tana da nauyi a hannu. 'Yan uwanmu 'yan gwangwan sun fi kowa sanin wannan, da ido ma suke ganewa. Wani abin kuma, kar a murɗe jar waya da alminiyam wuri ɗaya a naɗe da salatif a tafi, iskar garin nan mai laima da gishiri tana cin mahaɗar, za ka buɗe bayan wani lokaci ka tarar da wani farin gari-gari da kore-kore, wurin ya saki yana zafi. Akwai maɗauri na musamman da ake haɗa su da shi.

Wayata tana zafi, estenshan ɗina ya narke, me ya jawo?

Ka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Siririyar waya turjiyarta ta fi yawa, in am mai yawa ya bi ta sai ta yi zafi, robar ta yi laushi ta narke, wayoyi biyu su haɗu. A aikin gida kaurin wayar da aka saba, a ma'aunin milimita sukwaya, shi ne 1.5 don fitilu, 2.5 don soket, 4 don esi da hitar banɗaki, 6 don kukar girki. Filogi mai ƙafa uku irin na soket ɗin yau da kullum am 13 ne iyakarsa, wajen wat 3,000 kenan, kuma yawancin estenshan masu arha ko kusa da haka ba sa iya ɗauka. Mai cajin waya zai iya jera caja ashirin lafiya lau don kowacce ɗan kaɗan take ja, amma ranar da ya ƙara da kettle ɗin shayi ko dutsen guga a kan wannan layin toh ya shiga haɗari. In ka ji ƙauri kaman na ƙonanniyar roba, ko ka ga bakin soket ya yi baƙi, ko kana jin yana ƙara tsss, kashe ka kira mai gyara, kar ka ce sai gobe. Sannan cusa tsirarar waya a soket a danne da tsinken ashana, wannan a daina shi gaba ɗaya.

Me ke kashe mutum in wuta ta ja shi?

Am ɗin da ya ratsa jiki ne, da hanyar da ya bi, da daɗewar da ya yi. In ka raba am ɗaya gida dubu, kashi 1 za ka ji ɗan tsikari, wajen kashi 10 zuwa 20 naman hannu yake damƙewa mutum ya kasa saki, wannan shi ne abin da muke cewa wuta ta riƙe shi, daga wajen 50 zuwa 100 kuma zuciya ke rikicewa ta daina harba jini. Mafi muni ita ce wadda ta shiga ta hannu ta fita ta ɗaya hannun ko ta ƙafa, don ta ƙirji ta bi. Bolt shi ne mai turawa, in ya yi yawa am ɗin ma yawa zai yi, kuma 230 ta gida ta isa ta yi kisa, kar wani ya ce maka ai lo-karan ce ba ta komai.

Toh me ya sa tsuntsu ke zama a kan wayar Nepa ba abin da ke samunsa?

Don ƙafafunsa biyu a kan waya ɗaya suke, bai taɓa ƙasa ba bai taɓa wata wayar ba, wuta ba ta da inda za ta fita ta jikinsa. Babban tsuntsu ko jemage da ya buɗe fiffike ya haɗa waya biyu nan take yake mutuwa. Kai kuwa a ƙasa kake tsaye, kuma a taransifoma an haɗa ɓangare ɗaya na wutar da ƙasa, da ka taɓa mai wutar ka cike mata hanyar komawa kenan.

Gaskiya ne babban layi yana jan mutum ko bai taɓa shi ba?

Gaskiya ne wallahi. Iska insuleta ce amma tana da iyaka, in ƙarfin ya kai wajen bolt 3,000 a kan kowace milimita sai ta fashe wuta ta yi tsalle, abin da ke faruwa kenan a tsawa. Layin 11,000 da 33,000 da ke bi ta kan tituna tsirara yake ba roba, in ka matsa kusa da shi da rodi ko tsani ko dogon bututu ba sai ka taɓa ba. Masu aikin gini da ke miƙa rodi zuwa bene, masu ɗaura eriya, yaran mota da ke hawa saman tirela su kwance tamfol a inda aka faka ƙarƙashin waya, ku ɗaga kai ku duba sama kafin ku miƙe tsaye. Dokar ƙasa ta ware fili mai faɗin mita 50 a ƙarƙashin layin 330,000, mita 30 ga na 132,000, ba a gini a ciki ba a kasuwa. Na san wuri yana da tsada a garin nan kuma mai neman abinci duk inda ya samu rakuɓewa yake yi, amma kwantena ta ƙarfe a ƙarƙashin irin wannan layin ba wurin zama ba ce.

Silifas ɗin roba yana kare mutum?

Busasshen silifas mai kauri a kan busasshen daɓe yana rage haɗari a wutar gida, ya fi tsayawa ba takalmi nesa ba kusa ba. Amma in ya jiƙe, ko ya suɗe, ko ƙusa ta huda shi, ko ɗayan hannunka yana dafe da bango ko get, ba abin da ya tsare maka. A babban layi kuwa kar ma a kawo maganarsa. Haka safar hannu ta wanki da ledar da wasu ke naɗawa a hannu, ba su ne kayan aikin ba. Kariyar gaske ita ce a kashe wutar daga tushe, a gwada a tabbatar ta mutu, sannan a taɓa.

Mene ne amfanin waya ta uku, kuma me ya sa firij ɗina ko ƙofar shagona ke ɗan jan mutum?

Waya uku ne a soket. Layif ita ce mai kawo wuta, ja ce a tsohon tsari, ruwan ƙasa a sabo. Nutiral ita ce ta komawa, baƙa ko shuɗiya. Ta ukun ita ce atin, kore ko kore da rawaya, an haɗa ta da gangar jikin na'ura ta tafi har zuwa wani rodin jan ƙarfe da aka kafa a ƙasa. A kullum ba ta aikin komai, sai ranar da robar wata waya ta fashe a cikin firij layif ta taɓa jikin ƙarfen, ranar ce za ta kwashe wutar ta kai ƙasa har fis ya tsinke ko bireka ta faɗi. In babu ita, jikin firij ɗin zai zauna da wuta yana jiran wanda zai taɓa.

Saboda haka ɗan jan da kake ji gargaɗi ne, akwai inda wuta ke yoyo kuma atin ɗinka babu ko ya tsinke. Gidajen haya da yawa da nake shiga a nan za ka buɗe soket ka tarar waya biyu ce kawai. A kwantena kuma abin da na fi gani shi ne an huda ƙarfen an zura waya ba tare da an sa mata bututun roba ba, kullum ana buɗe ƙofa ana rufewa kaifin ramin yana cin robar a hankali har ya kai ga silin. Kar ka naɗa tsumma a hannun ƙofar ka ci gaba da ciniki, yau ja kaɗan ne don ƙafarka a bushe, ranar da aka yi ruwa labari zai canza, kuma yaron da aka aiko sayen sukari ba takalmi zai zo.

Fis ɗina yana yawan tsinkewa, zan iya sa waya mai kauri?

A'a Alhaji, kar ka yi. An yi fis siriri ne da gangan don ya riga wayar cikin bango ƙonewa, in ka ƙara masa kauri ka maida wayar gidan ce fis. A nemo abin da ke tsinka shi. Sannan a sani fis da bireka ta yau da kullum waya suke karewa daga gobara, ba mutum ba, don sai am ya yi yawa sosai suke motsi. Akwai wata bireka daban mai lura da yoyon wuta, za ka ga an rubuta 30mA a jikinta da ɗan maɓallin gwaji, ita da ta ga abin da ya fita bai dawo daidai ba take yankewa cikin ƙiftawar ido. Duk mai hali ya sa ta, musamman gidan da ke da yara ko injin jan ruwa, ni a ganina ta fi wasu kayan ƙawa da ake kashe wa kuɗi amfani.

Me ya sa wani lokaci wuta ke zuwa da ƙarfi ta ƙona kayan layi guda?

Sau da yawa nutiral ce ta saki ko ta tsinke a taransifoma ko a kan falwaya. Tsakanin layi da layi wajen bolt 400 ne, nutiral ce ke riƙe kowane gida a 230, in ta tafi sai wasu gidajen su samu ƙasa da ƙima wasu kuma fiye da ƙima. In ka ga fitila ta yi wani irin haske fau ko fanka tana gudu kamar za ta tashi, je ka kashe babban makunni ka sanar da maƙwabta. Lo-karan ma tana ɓarna, injin firij da na famfo suna yunƙurin tashi su kasa sai su yi zafi su ƙone, gara a kashe su har ta daidaita.

In wuta ta riƙe mutum a gabana me zan yi?

Kar ka kama shi da hannu, duk son da kake masa, in ka kama ku biyu ne. Ka ruga ka kashe babban makunni ko ka zare filogi ko ka kashe janareta. In ba hali, ka tsaya a busasshen wuri ka ture shi ko wayar da busasshen katako ko kujerar roba. Wannan a wutar gida kenan, in babban layi ne kar ka matsa ko da sanda, ka hana mutane zuwa ka kira 112 ko 767, lambobin agajin gaggawa na jihar Legas.

In an raba shi da wutar ka duba numfashi. Idan ba ya yi, kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, ɗora hannu kan hannu a tsakiyar ƙirji ka riƙa dannawa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, kar ka tsaya har taimako ya zo ko ya farfaɗo. Maganar a ɗura masa madara ko a binne shi a yashi wai ƙasa ta tsotse wutar, babu wata wuta da ta rage a jikinsa, ɓata lokaci ne, kuma ɗura wa wanda ya suma abu yana iya shaƙe shi. Ko ya tashi ya ce garau yake a kai shi asibiti a duba zuciya, ƙunar lantarki ta ciki ta fi wadda ake gani a fata.

Ruwa ya shigo gida ko waya ta faɗo a titi lokacin damina, ya za a yi?

In ka ga ruwa zai kai soket ka kashe babban makunni tun kana tsaye a busasshen wuri, in ruwan ya riga ya kai inda makunnin yake kar ka shiga. Bayan ya janye kar a kunna sai komai ya bushe an duba. Wayar da ta faɗo kuwa ka ɗauka tana da wuta ko da an ɗauke a unguwa, don ana iya dawo da ita kowane lokaci, ka ba ta tazarar aƙalla mita 10, kar ka taka ruwan da take ciki, kar ka dafa falwayar ƙarfe ko shingen taransifoma kana tsallake kwata. In a kan motarka ta faɗo zauna a ciki kar ka sauko, sai in wuta ta kama, nan ma tsalle za ka yi ƙafa biyu a haɗe ba tare da ka taɓa mota da ƙasa lokaci ɗaya ba, dalilin yana cikin amsar tsuntsu.

Zan iya jona janareta kai tsaye a soket ɗin ɗaki?

Kar ka yi. Wutar za ta bi ta mita ta koma kan falwaya, ma'aikacin da ya hau gyara yana ganin an kashe layi sai ta same shi, in kuma aka kawo wuta janaretan ne zai tashi aiki ko ya kama da wuta. A sa cenji-oba, wato makunnin da ke raba wutar janareta da ta Nepa, ba shi da wata tsada. Hayaƙinsa kuma akwai guba a ciki da ba ta da wari ba ta da launi, iyali guda kan kwanta su ƙi tashi, a waje ake ajiye shi nesa da taga, ba a lungu ko baranda da aka rufe don tsoron ɓarawo ko ruwan sama ba. In gobarar lantarki ta tashi kashe wutar tukuna, kar a watsa ruwa tana jone, yashi ko tukunyar kashe gobara mai gari ake amfani da su.

Batir da sola ai ba sa jan mutum ko?

Batir ɗaya mai bolt 12 ba zai ja busasshen hannu ba, amma yana iya sakin ɗaruruwan am in sifana ko zobe ya haɗa kawunansa biyu, ƙarfen ya yi ja ya ƙona yatsa, kuma mai ruwa yana fitar da iska mai kamawa in yana caji, kar a sha sigari kusa kar a kulle shi a inda ba iska. Faifan sola in aka jera su da yawa suna kai ɗaruruwan bolt, kuma muddin akwai rana suna ba da wuta ko an kashe komai a ƙasa. Abin da inbata ke fitarwa kuwa 230 ce irin ta Nepa sak, don haka a gidan da ke da inbata ɗauke wuta ba ya nufin soket ya mutu, mai gyara ya tambaya kafin ya sa hannu.

Mu 'yan gwangwan akwai abin da ya kamata mu kiyaye?

Akwai. Tsohuwar talabijin mai ƙeya, da esi, da na'urar ɗumama abinci, da inbata, suna da wani abu a ciki da ake kira kafasita mai ajiye wuta ko bayan an zare su daga soket, kar a zura hannu ko sukundireba kai tsaye. Ƙona waya don a fitar da jan ƙarfen yana ba da hayaƙi mai guba da ke cin huhu, fere ta da wuƙa ya fi, kuma wadda aka fere ta fi ƙonanniya daraja a sikeli. In kana tona a kango ko bola ka ci karo da kebur mai kauri da ya shige ƙasa kar ka sara, yana iya kasancewa da wuta. Sannan duk wanda ya kawo maka kebur ɗin taransifoma ko jar wayar atin da aka yanko kar ka saya, ban da ɗaurin da ke ciki da sunan 'yan uwa da ake ɓatawa, yanke irin waɗannan wayoyin yana cikin abin da ke jawo matsalar da na yi bayani a amsar wuta mai zuwa da ƙarfi.